GULBI ƊAYA, RIJIYA ƊAYA: ABIN DA DOKA TA CE KAN RUWANMU

Jawabin mushen lakkwal a taron ƙungiyar raya ƙauyenmu

 

Kwamitin ƙungiya ya ɗora mini nauyin in yi muku bayani kan dokokin ruwa. Na karɓa, don na lura da wani abu: da yawa cikinmu mun san dokar gona, mun san dokar gado, amma in anka zo ga ruwa sai mu ce na Allah ne, mu yi shiru. Gaskiya ne ruwa na Allah ne. Gona ma ta Allah ce, amma kowa ya san iyakar tashi. Maganata ta kasu kashi huɗu: tafiyar gulbinmu, yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashe, dokar ƙasarmu Nijar, sa'annan aikin da ya rage a wuyanmu mu mutanen ƙauye.

1. DAGA INA GULBI YAKE, INA ZA SHI?

Gulbin Maraɗi ba a ƙasarmu yake tasowa ba. Daga Najeriya yake fitowa, wajen ƙasar Katsina, inda suke ce mishi Gada. Shina shigowa Nijar ta Nyelwa, ya bi ƙasar Madarumfa, ya wuce Jiratawa, Maraɗi, Tibiri da Gidan Rumji, ya fita ta wajen Sululu ya koma Najeriya. Can ya faɗa gulbin Rima, Rima ta kai shi Sakkwato, daga nan sai babban kogi, Isa, wanda wasu ke kira Kwara, shi ne ya ratsa Yamai.

Ku duba da kyau. Mutanen Najeriya suna bisanmu, kuma suna ƙasanmu. Su ke ba mu ruwan, mu kuma mu maida musu. Dukan ƙasar da ruwan samanta ke gangarawa cikin gulbi guda, tudu da fadama da ƙoramu, ita ce masana ke kira kwarin gulbi. A lakkwal nakan kwatanta ma yara da ƙwarya: duk inda ka ɗiga ruwa a gefenta, tsakiya za shi. In ka ɗiga ƙazanta ma, tsakiya za ta.

Akwai kuma gulbin da ido ba ya gani. Lokacin da ruwa ya malale fadama da damina, rairayi shina shanye wani kashi ya aje shi a ƙarƙashin ƙasa. Wannan ajiyar ce rijiyoyinmu ke ci da rani, ita ce garake ke sha, ita ce injunan ban ruwa na Jiratawa ke ja. Shekarar da gulbi bai kawo sosai ba, ku tambayi mata, su za su gaya muku gaba nawa anka ƙara ma igiyar guga. Don haka rijiya ɗiyar gulbi ce, wanda ya taɓa uwa ya taɓa ɗiya.

Dattawa sun san halin gulbin ga fiye da ni. A 1945 ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, dole anka tashi anka hau tudu. A farin 1973 da na 1984 kuma munka ga ɗaya fuskar tashi. A watan Yuni na 1985 babban kogi da kanshi ya tsaya da gudu a Yamai. Abin da ke iya yin yawa ya kashe, ya yi kaɗan ya kashe, ba a barinshi babu tsari.

2. YARJEJENIYA TSAKANIN ƘASASHE

Tun 1964 ƙasashen da Isa ta haɗa sunka kafa hukuma a Yamai don su riƙa shawara da juna. A 1980, a garin Faranah na ƙasar Gine, anka sake mata suna da ƙarfi, ta zama Hukumar Kwarin Kogin Isa, wadda ake kira ABN, mazauninta Yamai. Ƙasa 9 ke cikinta: Gine, Mali, Kodibuwar, Burkina Faso, Nijar, Benin, Najeriya, Kamaru da Cadi. A 2008 shugabanninsu sunka sa hannu a Yamai kan babbar takardar ƙa'idojin ruwan kogin. Gundarin abin da ta ƙunsa ukku ne: a raba amfani da adalci, kada wata ƙasa ta yi aikin da zai cuci maƙwabciyarta, kuma wanda zai yi babban aiki kan ruwa ya sanar da sauran tun kafin ya fara. Nijar na buƙatar wannan ƙa'ida daga Mali da Gine da ke bisanta, Najeriya kuma na buƙatarta daga Nijar saboda barajin Kandaji da anka aza tubalinshi a 2008.

Wadda ta fi kusa da mu ita ce yarjejeniyar Maiduguri ta 1990, tsakanin Nijar da Najeriya su biyu. Ta shafi ruwa huɗu da iyaka ta ratsa: Magiya ta ƙasar Tawa, gulbinmu na Maraɗi, Tagwai ko El Fadama, da Komadugu Yobe ta wajen Difa. Ta ce kowace ƙasa na da haƙƙin rabo na adalci, a riƙa auna ruwa ana ba juna labari, a yi shawara kafin wani aikin da zai rage ma ɗaya ruwa. Hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu, wadda anka kafa a 1971, ita anka ba riƙon wannan amana.

Me ya sa wannan ya dame mu? Saboda barajin Jibiya. A ƙarshen shekarun 1980 anka gina shi kan gulbin Gada, dab da iyaka, shina iya riƙe ruwa mita kubu miliyan 142. Mutanen Jibiya ƴan'uwanmu ne, harshe ɗaya, aure ɗaya, kasuwa ɗaya, kuma suna da haƙƙin su sha su yi noman rani. Amma ruwan da baraji ya riƙe shi ne dā ke malale fadamarmu, ya cika tabkin Madarumfa, ya ciyar da rijiyoyi. Tun daga lokacin tafiyar gulbi ta sake, ta rataya ga buɗewa da rufewar ƙofofin da ba mu ke riƙe da makullinsu ba. Ƙarancin ruwan sama ma na da nashi laifi, haka sare itatuwa da rairayin da ke cike gulbi. Duk da haka, manomin fadama na da haƙƙin ya tambayi hukumominshi: yaushe za a saki ruwa bana, nawa za a saki, wa zai sanar da mu don kada ya iske mu muna barci? Wannan tambayar ba rashin kunya ba ce, takardar da gwamnatoci biyu sunka sa ma hannu ce ta ba mu bakin yinta.

Sai dai, iyayena, kafin mu nuna Jibiya da yatsa, mu waiwaya. Akwai ƙauyuka ƙasanmu da ke shan abin da munka bari. Su ma, mu ne Jibiyarsu.

3. DOKAR ƘASARMU

A ranar 2 ga watan Maris 1993 gwamnati ta fito da dokoki ukku a rana guda: ta tsabtar jama'a, ta tsarin ruwa, da ta karkara wadda ta haifi kwamitocin ƙasa da muke kira KOFO. A ranar 1 ga watan Afrilu 2010 anka fito da sabon kundin dokar ruwa, mai lamba 2010-09. Da faransanci anka rubuta shi, shi ya sa mafi yawanmu ba su taɓa jin abin da ke ciki ba. Ga manyan kanunshi a harshenmu.

Na ɗaya, samun ruwa haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa. Ruwan sha na mutane shi ke gaba da kowane amfani.

Na biyu, gulbi, tabki da ruwan ƙarƙashin ƙasa dukiyar jama'a ce da ke hannun gwamnati. Mai gona a bakin tabki shina da gonarshi, tabkin kuwa ba nashi ba ne. Ɗibar ruwan gida ba ta son izini, amma babban aiki, kamar gina foraji ko tare ƙorama, sai an sanar da hukuma ko an nemi izininta.

Na ukku, wanda ya ɗibi ruwa da yawa don sana'a ya biya, wanda ya ɓata ruwa shi zai ɗauki nauyin gyara. Kun ga ashe dokar ba ta yi nisa da hukuncin zauren mai gari ba: bisar da ta yi ɓarna, mai ita ke biya.

Na huɗu, kowane wurin da ake ɗibar ruwan shan jama'a shina da hurumi. Akwai na kusa, wanda ake shingewa, ba a komi cikinshi sai aikin ruwa. Akwai na nesa, inda ake hana abubuwan da ke iya tsiyayewa su iske ruwan, kamar salanga, juji da zuba magani.

Na biyar, doka ta yarda da kwamitin kula da rijiya da ƙungiyar masu amfani da fanfo, su yi aiki tare da kwamin da ma'aikatar ruwa. Kuɗin da ake biya a bakin fanfo na gyara ne da mai da albashin mai tsaro, kuma kowa na da haƙƙin jin inda sunka shiga.

An kuma raba ƙasar kashi 7 bisa tafiyar ruwa, ba bisa iyakar jihohi ba. Mu muna cikin kashin Gulbi da Tarka. A 2017 gwamnati ta amince da tsarin aiki na ƙasa, PANGIRE, wanda manufarshi ita ce manomi, makiyayi, masunci da mai shan fanfo na kwari guda su zauna inuwa guda su shirya rabon ruwansu.

Kada mu manta da makiyaya. Dokar kiwo ta 20 ga watan Mayu 2010 ta ce bisashe na da haƙƙin isa ga tabki da gulbi, kuma dole a bar musu hanya ko cikin gonaki. Wanda ya nome burtali ko ya shinge mashaya ya taka doka. Mu mutanen jihar Maraɗi ba sai an gaya mana inda rigimar manomi da makiyayi ke kaiwa ba. Ba mu manta da Toda ba, a 1991, inda rayuka sama da 100 sunka salwanta. Allah shi jiƙansu, Allah kar ya maimaita.

4. RUWA MAI KYAUN GANI BA SHI NE MAI KYAUN SHA BA

Yanzu in zo ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Mun saba auna ruwa da ido da hanci da harshe: in ya yi garau, ba wari, ba ɗaci, sai mu ce lafiya lau. Labarin Tibirin Gobir ya isa ya koya mana hankali.

A 1985 anka fara ba garin Tibiri ruwan wani foraji mai zurfi. Ruwa garau, kowa na murna. Ashe a cikin duwatsun da ruwan ke kwance akwai wani gishiri da ake kira filiwor, ba shi da launi, ba shi da wari. Kaɗan daga cikinshi shina ƙarfafa haƙori, amma in ya yi yawa sai ya ɓata haƙora da ƙasusuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1,5 a lita guda. Na Tibiri ya ninka haka fiye da sau ukku. Shekara wajen 15 ana shan ruwan. Yara sunka taso da haƙora jajaye, ƙafafu a lanƙwashe, wasu kawunansu sun kumbura, wasu ba su iya tafiya. Iyaye sunka yi ta neman magani, wasu na cewa iska ce, wasu na cewa gado ne. Sai wajen shekarar 2000 magana ta fito fili cewa ruwan ne. Ɗaruruwan yara sunka naƙasa, kuma ƙashin da ya lanƙwashe ba ya miƙewa don an rufe fanfo. Tafasa ruwa ba ya fid da filiwor, tacewa da ƙyalle ba ta fid da shi. Awo kaɗai ke nuna shi. Kwalba guda da an kai ɗakin awo kan kari, an kuma karanta sakamakon gaban jama'a, da ta ceci ƙafafun yara masu yawa.

Misali na biyu, zawo da amai, wato kwalara. A daminar 2018 ta ɓulla a ƙasar Madarumfa, ta kama mutum sama da 3.000 a Nijar, ta kashe sama da 70, mafi yawa a jiharmu. A 2021 ta komo. Hanyarta guda ce: bayan gidan mai ciwo ya iske ruwan sha ko abinci. Wanda ya tsuguna a gefen gulbi ko bayan gari, ruwan sama na farko zai kwashe abin da ya bari ya kai tabki, ko ya tsiyaya cikin rijiyar da bakinta ya faɗa. Tsargiya ma haka take: yaro mai fitsarin jini ya yi fitsari a tabki, ƙwayar cutar ta shiga dodon koɗi ta hayayyafa, ta fito ta huda fatar wani yaron da ya zo wanka. Malam liman shina nan, shi zai tabbatar muku addini ya riga doka hana ƙazanta ruwan da ke kwance da hanyar mutane.

Amma ba duka labarin ne mai ɗaci ba. Samarin yanzu da yawa ba su taɓa ganin kurkunu ba. Iyayenmu sun san shi, shina kwantar da ƙato a tsakiyar noma. A Nijar mutum na ƙarshe da ya kama a 2008 ne, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙasarmu ta rabu da shi. Babu allurarshi, babu ƙwayar maganinshi. Da ƙyallen tace ruwa anka ci shi, da rijiyoyin siminti, da hana mai ciwo sa ƙafa cikin tabki. Mata da masu gari sunka yi wannan aikin. Abin da ƙauye ya yi ma kurkunu shina iya yi ma zawo.

Akwai kuma sababbin abokan gaba da kakanninmu ba su sani ba. Maganin ƙwari da ake saye a kasuwa babu takarda, irin su fiya-fiya, a fesa a garka, a wanke fanfon feshi a bakin rijiya, a maida galan ɗin na ɗibar ruwa. Takin zamani da ya yi yawa, wanda ke nutsewa cikin rairayin fadama inda ruwa ba shi da zurfi. Ruwan marina da na majema. Baƙin man inji da ake zubarwa ƙasa. Leda, wadda dokar 2014 ta hana, amma ga ta nan tana toshe magudana tana kashe awaki. Ramukan bulo kuma sun zama juji da rani, tabki da damina.

5. ABIN DA YA RAGE GARE MU

Doka tana Yamai, rijiya tana nan. Babu jandarman da zai kwana a bakinta. Ga shawarwari 7 da nake roƙon taron ga ya duba, ya gyara, ya amince da wanda ya ga ya dace.

1. A sabunta kwamitin rijiya da na fanfo, a sa mata cikinshi har da riƙon kuɗi, tunda su ke ja, su ke ɗauka, su ke fara ganin in ruwa ya sake. A karanta lissafi gaban jama'a kowane wata ukku.

2. A shinge kowace rijiyar sha, a gyara dakalinta da siminti, a fid da magudana. Kwamin bisashe da wurin wanki su koma gefe, wajen gangare. Guga da igiya a rataye su, kada su kwana cikin taɓo.

3. Duk wanda zai gina salanga ya nisanta ta da rijiya, aƙalla mita 30, kuma ta ƙasan gangare. Gidan da ba shi da ita, samari su yi mishi gayya kafin damina.

4. Ƙungiya ta rubuta takarda zuwa ga kwamin da ma'aikatar ruwa, ta nemi a auna ruwan forajinmu da na manyan rijiyoyi, har da filiwor, a ba mu sakamako a rubuce. Na ɗauki alkawarin rubuta takardar da fassara amsar da Hausa, a manna ta a ƙofar lakkwal da ta masallaci. In awon na son kuɗi, mu yi karo-karo, ko dala ashirin ashirin ce. Kuɗin awo bai kai na jinyar yaro guda ba.

5. A hana wanke kayan feshi a bakin rijiya, tabki ko gulbi. Galan ɗin magani a huda shi don kada ya koma na ruwa. Marina da majema a ware musu rami nesa da ruwan sha, ba don a kashe sana'arsu ba, don ɗiyansu ma rijiyar nan suke sha.

6. KOFO ta ƙauye, tare da mai gari da ardon Fulani, su bi burtali da mashaya su sa alama tun da rani, kafin a yi shuka.

7. Mu aika wakilai ga ƙauyukan da ke bisanmu da na ƙasanmu a kan gulbi, mu haɗa baki. Kukan ƙauye guda kan Jibiya ba ya wuce ofishin farko. Kukan ƙauye ashirin da sarakunansu, a rubuce, shina iya kai Maraɗi, ya kai Yamai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu ma a lakkwal za mu ɗauki namu kashi. Yara za su koyi wanke hannu da sabulu ko toka, rufe randa, da ɗibar ruwa da moɗa mai mariƙi. In ɗanku ya zo gida ya ce baba kada a aje guga ƙasa, ku yi haƙuri da shi, aikin da anka ba shi ne.

Iyayena, na san wani zai ce kakanninmu sun sha ruwan ga sun tsufa. Haka ne, amma ku tuna ɗiya nawa kowace uwa ta binne kafin yaye, ku tuna kuma mutanen da ke shan rijiya guda yau sun ninka na dā. Ruwa bai ƙaru ba, bakuna sun ƙaru, ƙazanta ta ƙaru. Muna neman adalci daga wanda ke bisanmu, to mu yi shi ga wanda ke ƙasanmu, mu fara da rijiyar da ke tsakar garinmu.

Wanda ke da tambaya ko gyara, fili nashi ne. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare mu da ɗiyanmu daga cuta, shi zaunar da ƙasarmu lafiya.